Damin alkamar Monet da kasuwar da ke bayansa

Na karanta wani labari kan zanen tarin damin alkama na Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, da aka sayar dala miliyan 110.7 a 2019. Marubuci ya tsaya yabon launi da hasken yamma, ya manta cewa wasu ne suka yanke alkamar nan suka tara ta a gonakin Giverny, ƙauyen da Monet yake zaune. Monet ya zana tarin sau da yawa, amma ba ka ganin ma'aikaci ko ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne 1891, lokacin da aka sa bishiyoyin da yake zanawa a bakin kogin Epte a gwanjo. Sai ya haɗa kai da mai sayen katako, ya biya kuɗi don a bar su tsaye har ya gama aikinsa. Mai fenti yana cinikin bishiya da mai gatari!

Su kansu Monet da abokansa masu zane da dillali suka ci abinci. Dillalin zane Paul Durand-Ruel ne ya riƙa saye a hannunsu ana yi musu dariya a Paris, har karyewar wani banki a 1882 ta kusa tsiyata shi. Da ya kai zanukan New York a 1886, attajiran Amurka suka buɗe bakin aljihu.

Gara Camille Pissarro, abokin zanen Monet, shi dai ya zana mata masu girbi da 'yan kasuwar garin Pontoise.