Kullen Da Ba Ya Ƙin Kowa

Waɗanda suke ajinmu ranar nan sun san cewa ni na fara ɗaga hannu da Malam ya nemi wanda zai nuna aikinsa a allo. Manhajar kulle na rubuta da C, wani harshe na rubuta manhajar kwamfuta, aikinta kawai ta duba lambar sirri, idan 1234 ce ta yi maraba, idan ba ita ba ce ta yi shiru.

Malam ya danna lambar da ya ga dama, manhajar ta ce masa barka da zuwa. Ya danna sifili, ta sake yi masa barka. Ya juyo ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, "Yaro, wannan kulle naka akwai karamci." Aji ya kece da dariya, ni kuwa na zuba wa layin if ido, wato layin da ke duba sharaɗi, gumi yana bin bayana, har na gano cewa alamar daidai guda ɗaya na sa, wadda ba ta kwatanta komai, sai dai ta shafe lambar da aka shigar ta zuba 1234 a gurbinta, kuma C tana ɗaukar duk abin da ba sifili ba a matsayin gaskiya. Na mayar da ita ==, wato alamar daidai guda biyu mai kwatantawa, na gyara tsayuwa, har da cewa Malam ya gwada duk lambar da yake so. Ya gwada, ta yi masa barka.

Ashe akwai waƙafi mai ruwa da ya maƙale a bayan bakar da ta rufe sharaɗin if, ya yanke sharaɗin a nan, abin da ke ƙasa yana gudana ko da gaskiya ko babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan mai zama kusa da taga. Shi na nuna wa aikin da daddare, ya ce babu matsala, amma da safe shi ne ya miƙe yana bayyana wa jama'a cewa da na haɗa gcc, manhajar da ke fassara C zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, da -Wall, umarnin da ke sa ta nuna gargaɗi, da ta gargaɗe ni. Wannan fa shi ne wanda ya rubuta else if a harshen Python maimakon elif da harshen ya sani, ya manta da ruwa biyu a ƙarshen sharaɗi, ya kwana yana zargin kwamfutarsa, na gyara masa ban gaya wa kowa ba. Cajata ma da ya ara tun lokacin har yanzu tana wurinsa.