Ku daina sayar mana da murfin da ba ya rufewa

Duk macen da ke sana'ar zobo, kunun aya ko fura da nono a gorar roba ta san wannan takaicin, sai dai kowa ta haɗiye, don in kin ce murfi ne ya ɓata miki rai sai a ce ba ki da aikin yi. To ni dai na gaji da haɗiyewa. Ki sayi goruna sababbi fil da kuɗinki, a haɗo miki da murafensu a ƙulle cikin leda, ki zo rufewa ki ga ikon Allah. Wani ya hau a karkace. Wani ya kama kamar gaske, kina ƙara murɗawa ki ji ƙas, ya subuce, ya koma juyawa ba tsayawa. Munafukin cikinsu kuwa shi ne wanda zai zauna daram a hannunki, sai an jera gorunan a kula an zuba ƙanƙara, yarinya ta sha rana ta kai bakin makaranta, a buɗe a tarar ruwan ƙanƙarar ya yi jawur, gorunan sun koma rabi rabi, jikinsu duk danƙon sukari. Wa zai sayi wannan? Ga kuɗin sukari, ga citta da kanumfari, ga ƙanƙarar da ake bin layi kafin a samu, duk sun bi ruwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar mai shago in an koma masa: "Hajiya, ai murfi duk ɗaya ne, ke ce dai ba ki murɗa da kyau ba." Wallahi ba ɗaya ba ne, kuma masu yin kayan sun fi kowa sani. Wani ƙanena da ke aiki a masana'antar roba ya ɗauko goruna biyu na lemo ya jera min. A ido faɗin bakinsu ɗaya, milimita 28. Amma ɗaya tsohon tsari ce da ake kira PCO 1810, wuyanta ya kai milimita 21, ɗayar kuma PCO 1881, wuyanta milimita 17 kacal. An gajarta wuyan ne don a rage roba, sama da giram 1 a kowace gora, wanda in aka lissafa da miliyoyin goruna kuɗi ne na gaske. Tazarar layin da murfi ke bi yana murɗuwa ma ta bambanta. Shi ya sa murfin wannan zai hau kan waccan, ya yi kamar ya kama, alhali bai danne bakin ba. Gorar ruwan sha kuwa tata daban ce gaba ɗaya: yawanci layi 3 ne gajeru ke zagaye da bakinta, murɗi kaɗan ta rufu, murfinta sakayau saboda babu gas da zai riƙe. Ita ta lemo har 'yan tsagi aka yi a jikin layin, don in an fara buɗewa gas ya fice ta nan kafin murfin ya saki, kada ya harbi idon mutum.

Kenan ilimin yana nan, ma'aunin yana nan, har lamba gare shi. Manyan kamfanonin lemo ba sa wasa da shi, shi ya sa gorarsu ke shan jifa daga tirela zuwa baro ba ta ɗiga. Mu da muke saye ɗari ɗari a kasuwa mu aka raina. Dillali ya sayo goruna daga wannan masana'anta, ya sayo murafe daga waccan saboda sun fi araha, ya haɗa aure dole ya miƙo mana. Wasu murafen kuma ko da lambar ta dace, an tsuke robar har ki matsa da yatsu biyu ki ga ya lanƙwashe, layin cikinsa ko farce bai cika jinsa ba. Wannan me zai riƙe?

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Ku je tasha ku ga yadda ake ɗaure jarkar manja da ta man gyaɗa: sai an ninka leda an shimfiɗa a baki, a danna murfi a kai, a sake naɗe shi da wata ledar a ɗaure da roba. Mun saba har mun ɗauka haka Allah ya halicci jarka. Duk da haka a sauke kaya a tarar manja ya rina buhun garin wata da atamfar wata, rigima ta kaure tsakanin fasinja da kwandasta, wanda ya yi murfin yana can yana barcinsa. Kwalbar maganin tari na yara ma haka: a buɗe sau ɗaya, siririn murfin ƙarfen nan ya lotse, daga ranar sai dai a jingine ta a tsaye a bayan madubi, in ta kwanta a jaka shi kenan, maganin da aka ce a sha kwana biyar ya ƙare a jikin katin asibiti.

Tun 1858 wani Ba'amurke, John Landis Mason, ya yi rajistar kwalbar gilas mai murfin murɗawa. Shekara sama da 160 ke nan. A ƙasashen Tarayyar Turai yanzu ma an wuce maganar yoyo, tun watan Yulin 2024 doka ta ce murfin gorar abin sha ya zauna maƙale da gorar ko an buɗe, don kada ya zama shara. Su can suna gunaguni wai murfin yana taɓa musu hanci in suna sha. Ku kawo mana irin wannan matsalar mu gani!

Na san za a ce to a koma wa gorunan 'yan jari bola, tunda su kowace da murfinta na asali. Da ma can aka baro. Zoben da ke ƙasan murfi, wanda ke tsinkewa in an buɗe, shi ne shaidar cewa ba wanda ya riga ka kai baki, kuma masu saye yanzu suna dubawa. Don mu tsare mutuncinmu da lafiyar mutane muka koma sayen sababbi masu tsada, sai ga shi tsohuwar gorar bola ta fi su riƙe ruwa.

Abin da nake nema bai kai a kira taro ba. Masu masana'anta su buga lambar wuyan gora a jikin buhun goruna, su buga ta a jikin ledar murafe, yadda ko yaro aka aika zai duba ya ga sun yi daidai. Dillalai su ajiye bokitin ruwa a bakin shago, mai saye ya cika gora ɗaya, ya rufe, ya kifa ta ya matsa kafin ya biya. Wanda kuma ya ce min kayan da aka fita da su ba a dawowa da su, to ya riƙe gorunansa, layin masu roba ba shagonsa kaɗai ba ne.