Mota Mai Ciki Biyu: Wa Ya Kamata Doka Ta Kama?

Jihar Ohio ta Amurka, inda nake zaune ina neman abinci, tana da wata doka da aka kafa a 2012, zamanin Gwamna John Kasich. Dokar ta ce laifi ne mutum ya ƙera wa mota maɓoya, ko ya tuƙa motar da ke da ita, in dai ya san za a yi safarar miyagun ƙwayoyi a ciki. Ba sai an tarar da kayan ba. Ramin kansa, haɗe da niyya, ya isa ya kai mutum kurkuku har wata 18. A 2013 an kama wani direba a babbar hanyar jihar, an buɗe maɓoyar motarsa ba a samu komai ciki ba, amma aka tuhume shi, jaridu suka yi ta cece-kuce.

'Yan uwana na Kebbi da muke hira da su ta waya, da zarar sun ji wannan sai su ce, ai mu ne ma muka fi buƙatar irinta. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya tashi a Kamba ko Dole Kaina ko Tsamiya ya san motar da aka yi wa ciki biyu. A da, lokacin da fetur ke da araha saboda tallafi, motoci nawa aka faɗaɗa wa tanki, su sha mai a Najeriya su je su amayar da shi a Gaya ta Nijar ko Malanbil ta Benin? Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sana'ar ba ta mutu ba, dabara ta ƙaru ne kawai. An cire tallafi a Mayun 2023, ribar fetur ta ragu, amma gwanintar yanka ƙarfe da liƙe shi tana nan a hannun masu ita. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan. Ramin da ya ɗauki shinkafar waje jiya shi ne zai ɗauki tiramol yau, gobe kuma harsashi. Harsashin da ake harbin mutanen Zurmi da Maru da Danko-Wasagu da shi ba a daji ake shuka shi ba. A kan kwalta yake bi, ta gaban shingaye, cikin ƙofar mota ko ƙarƙashin kujera ko bayan tanki.

Saboda haka ina goyon bayan a yi doka. Sai dai ba na goyon bayan a kwafo ta Ohio a manna mana yadda take, kuma ina da dalili.

A nan Amurka, mutum ba ya yawo da tsabar kuɗi. Kati ne, waya ce. Wanda ya sa aka fafe masa mota dole a tambaye shi me yake ɓoyewa. A gida fa? Bafataken da ya sayar da shanu a kasuwar ƙauye, inda ba banki, na'urar cire kuɗi ma sai an dace da sabis, ina zai sa kuɗinsa in zai bi hanyar da ya san ana tare ta? Direbobinmu sun daɗe suna sa a yi musu ɗan wurin ajiya a mota, ba don sumoga ba, don ɓarayi. Wannan tsoro ne na halal. In doka ta ce ramin kansa laifi ne, to an miƙa wa duk wani mai tsayuwa a shinge sabuwar hanyar karɓar na goro. Zai ƙwanƙwasa jikin mota, ya ce ya ji ƙarar da ba ta yi masa ba, sai ciniki ya fara. Mai harsashi kuwa, shi da ya zo da kuɗin sallama a aljihu tun daga gida, ya wuce abinsa. An ƙi cin biri an ci dila.

Su ma Amurkawan sun yi tuntuɓe a daidai wannan wurin. Jihar Illinois ta yi tata dokar, amma a 2008 kotun ƙolin jihar ta soke ta, saboda ta ga dokar za ta iya kama wanda ya ɓoye abin da ba haram ba, kamar kuɗinsa ko sarƙar matarsa. Dokar Ohio ma ta keɓe akwatunan ajiya da kamfanoni ke ƙerawa don adana dukiya, muddin ba a samu ƙwaya ko burbushinta a ciki ba. To in a ƙasar da ɗan sanda ke ɗauke da kyamara a ƙirji, kuma kotu ke naɗa wa talaka lauya kyauta, sai da aka yi wannan taka-tsantsan, ina ga hanyar Jega zuwa Yawuri da tsakar dare?

Inda nake ganin ya kamata doka ta sa ƙarfinta shi ne gareji. Direba sau da yawa ɗan aike ne, an ba shi mota an ce kai ta wuri kaza. Amma ramin da ke buɗewa da wani maɓalli na sirri, ko tankin da aka raba biyu aka yi masa fenti ya koma kamar na kamfani, ba ya yin kansa. Akwai wanda ya ba da kuɗi, akwai mai waldar da ya kwana yana aikin. Masu irin wannan gwaninta ba su da yawa, kuma abokan sana'arsu sun san su. A California an yi wani gwanin haɗa rediyon mota da ya koma ƙera maɓoya. Bai taɓa sayar da ƙwaya ba, amma wata rana ya ga tarin kuɗi a ramin da aka kawo masa gyara, ya kuma ci gaba da yi wa mutanen aiki. Kotun tarayya a Kansas ta ɗaure shi fiye da shekara 24. A ganina hukuncin ya yi tsanani ƙwarai, ba na yi wa ɗan kowa fatan irinsa. Amma tambayar da aka yi masa ita ce daidai: ka sani ko ba ka sani ba? Mai waldar da aka ce ya yi rami mai tsawon bindiga a ƙarƙashin but, a wannan zamani da muke ciki, ya sani.

Ba daga sifili za mu fara ba. Kwastan suna ƙwace motar da aka kama da kayan fasa-ƙwauri, kuma sun samu sabuwar doka a 2023. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta sha nuna wa duniya motocin da aka yi wa ƙasa biyu. Abin da ake buƙata shi ne sashe bayyananne da zai hukunta ƙera maɓoyar da ba da kwangilarta, ya kuma ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da niyya: burbushin ƙwaya, ko harsashi, ko saƙonnin waya, ko tarihin mai motar. Ramin da ba komai cikinsa, ba wata shaida tare da shi, kada ya zama dalilin tsare mutum ko motarsa.

Makamai da kwastan da magunguna duk suna cikin abubuwan da kundin tsarin mulki na 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya, don haka majalisun Birnin Kebbi da Gusau ba za su iya yin wannan dokar su kaɗai ba. Aikin sanatocinmu ne da 'yan majalisar wakilai su kai ta Abuja. Abin da jiha za ta iya tun yanzu shi ne ta zauna da ƙungiyoyin makanikai da masu walda da shugabannin tasha, a yi rajistar garejoji, a kuma buɗe hanyar da mai sana'a zai kai rahoton aikin da bai yarda da shi ba, ba tare da sunansa ya isa kunnen 'yan bindiga ba. In ba a tabbatar masa da wannan kariyar ba, babu mai waldar da zai buɗe baki, don shi da iyalinsa a garin suke kwana.