Dattijon Wusasa Tsakanin Jaki da Giwa

Lahadi ce, 6 ga Oktoba 2024, saura wata guda Amurka ta yi zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Kamala Harris da Donald Trump. Dattijo, tsohon malamin makaranta daga Wusasa, ya zo ganin 'yarsa Nas a arewacin jihar Bajiniya. Ya ce a kai shi majami'ar Angilikan, ita kuwa ta kai shi ta Efiskofal, reshen Angilikan na Amurka, da ke bayan layinsu, don da yamma tana da aiki. Shekara 30 Dattijo ya yi yana koyar da Turanci, amma ya ce na Amurka kurkurar baki ce kawai. Shi ya sa aka naɗa Jika, ɗan shekara 16, tafinta, uwarsa ta yi masa alkawarin dala 20 in aka fito ba a ji kunya ba.

(A ƙofar majami'a.)

DATTIJO: Madalla! Ashe mutanen nan da sauran ruwa a tulunsu. Dubi tutar bakan gizo. Farawa sura 9, alkawarin Allah da Nuhu.

JIKA: Kaka, ai ba ta Nuhu ba ce, ta masu...

NAS: Dala 20.

JIKA: Ta Nuhu ce.

(Sun shiga. Wata dattijuwa ta kama hannun Dattijo ta hau da shi matakala, ta ba shi wurin zamanta.)

DATTIJO: Allah ya yi miki albarka. Ke, tsaya. Idona ne, ko kare nake gani a benci na uku?

NAS: Baba ku rage murya. Ranar 4 ga wata ce ranar tunawa da Waliyyi Faransis, shi ne yau suka kawo dabbobinsu a sa musu albarka.

DATTIJO: Har da rigar sanyi a jikinsa! A Wusasa kare ya kuskura ya leƙo ƙofar majami'a, da hoge za a sa masa albarka. Waccan kuma fa? Shugabar zumuntar mata ce? Me ya kai ta bagadi da rigar firist?

NAS: Ita ce Rabaran, Baba. Tun 1976 ikilisiyarsu ta amince a naɗa mata.

DATTIJO: 1976. Shekarar da aka kashe Murtala. Lallai shekarar nan ta zo da kaya.

(An fara wa'azi.)

DATTIJO: Kai abokina, me take cewa?

JIKA: Ta ce ba za ta faɗi wanda za a zaɓa ba. Akwai dokar haraji tun 1954, majami'ar da ta yi tallan ɗan takara tana iya rasa rangwamen da ake yi mata.

DATTIJO: Ta kyauta. Wannan doka da za a ba mu aronta.

JIKA: Ta ce kowa ya yi addu'a, duk wadda Allah ya nuna masa ya zaɓe ta.

DATTIJO: Wadda?

JIKA: Wadda.

DATTIJO: To ai ta yanka ta fede, wutsiya kawai ta bar wa masu haraji. Zunubi fa, ta ambace shi?

JIKA: Ta ambata. Leda da hayaƙin mota.

DATTIJO: Wuta fa?

JIKA: Ɗumamar yanayi.

DATTIJO: Tuba?

JIKA: Akwai takarda a bakin ƙofa, sai ka sa hannu.

(Minti 12 wa'azi ya ƙare. Aka yi Jibin Ubangiji, aka yayyafa wa karnuka ruwa, da wani kunkuru da aka kawo a kwali. Awa ɗaya cif jama'a suka miƙe.)

DATTIJO: To, an gama sanarwa. Yanzu sai sujada?

NAS: An tashi, Baba.

DATTIJO: Baiko ɗaya? Ba na godiya, ba na gini, ba na motar Bishop? Ke, wannan wuri da abin dubawa.

(Ɗakin shan kofi. Rabaran ta nufo su, fuska kamar gonar auduga.)

RABARAN (da Turanci): Mun yi murna ƙwarai! Mun daɗe muna marmarin jin muryar 'yan'uwanmu na Afirka a cikinmu.

JIKA: Ta ce muryar Afirka take so ta ji.

DATTIJO: Ta zo gidan. Gaya mata ni a wurina aure na namiji da mace ne. Haka na karanta a Farawa 2 da Matiyu 19, haka bishop-bishop suka tsayar a taron Lambet na 1998, ƙuri'a 526 da 70. Gaya mata abin da suka yi a 2003, da suka naɗa Gene Robinson bishop, mutumin da ke zaman tare da namiji ɗan'uwansa, shi ya raba mu da su, na 2015 kuma, da suka amince da auren jinsi ɗaya, ya ƙara wa Barno dawaki.

JIKA (da Turanci): Ya ce kofi ya yi daɗi.

DATTIJO: Kai ɗan nema! Maganar da na yi mai tsawon Zariya zuwa Kano ce ka faɗa da numfashi ɗaya?

JIKA: Turanci gajere ne, Kaka.

DATTIJO: Ni za ka gaya wa tsawon Turanci? Kauce.

(Ya gyara babbar riga, ya maimaita da kansa, da Turancin mishan mai goge baki, har da lambar aya. Ɗaki ya yi tsit. Kare ma ya daina kaɗa wutsiya.)

JIKA: Mama, ba laifina ba ne. Ko rabi ki ba ni.

RABARAN: Muna girmama tafiyar da kake kai.

DATTIJO: Wace tafiya? Ai tun Talata na iso.

RABARAN: Ka ga wadda ta riƙe hannunka a matakala? Da waccan mai kaɗa molo a sujada? Ma'aurata ne, shekara 9 ke nan.

NAS: Baba, su ne suka riƙe mini yaron nan shekara biyu ina aikin dare. Ko sisi ba su taɓa karɓa ba. Lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe motata su suka haƙo ta.

DATTIJO: Su ne?

NAS: Su ne.

DATTIJO (ya daɗe yana juya cokali a kofi): Kin kai musu tsarabar kilishin da na kawo?

NAS: Ba sa cin nama.

DATTIJO: Ina ruwan mutum! To kai musu zuman. Ki ce uban Nas ya gode, kuma zai zo da kansa ya gode. Wanda ya riƙe maka jika ba ka juya masa baya. Amma ki gaya wa Rabaran, ayar tana nan inda na bar ta.

(Sai ga Tsohon Soja, Bature mai shekara 78, wanda ya yi yaƙin Biyetnam. Shekara da shekaru yana zama a bencin ƙarshe yana haɗiye tsaki. Ya cafke hannun Dattijo da hannu biyu.)

SOJA: Shekara 18 ina jiran wani ya faɗi haka a ɗakin nan! Daga Najeriya kake? A Disamban 2006 abokaina na majami'un Falls Church da Truro suka kaɗa ƙuri'a suka fice, suka koma ƙarƙashin Akbishop ɗinku na lokacin, Peter Akinola. Bishop ɗinsu ma, Martyn Minns, a Abuja aka naɗa shi.

DATTIJO: Ikon Allah! Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a ƙasar Hausa yana aikin fassara har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, ashe wata rana Turawa ne za su riƙa karɓar umarni daga Abuja. Rama wa kura aniyarta ke nan.

SOJA: A 2012 kotu ta ce gine-ginen na Efiskofal ne, mutanen Falls Church suka kwashe kayansu.

DATTIJO: To kai me ya hana ka bin su?

SOJA: Matata. Tana cikin bangon can, aljihu na uku daga sama.

DATTIJO: Abokina, fassara da kyau. Bango ya ce?

JIKA: Bango. Tokarta ce a ciki. In mutum ya mutu wasu ƙonawa suke yi, a zuba a tulu.

DATTIJO: Ƙone ta ka yi? Kai da nake cewa na sami ɗan'uwa!

SOJA: Ita ta ce a yi haka. Shekara 46 ban taɓa yi mata musu na ci ba. Kowace Lahadi nakan tsaya in ba ta labarin wa'azi, in ce mata yau ma ba ki yi asarar komai ba. Lokacin jinyarta matar nan, Rabaran, kwana 11 ta yi tana zuwa asibiti. Ban yarda da rabin abin da take faɗa ba, amma ita za ta binne ni.

DATTIJO: Binnewa ko soyawa?

NAS: Baba!

SOJA: Ka zo gidana ranar Asabar in nuna maka bindigogina. Guda huɗu ne.

DATTIJO: Huɗu? Ɗan fashi ne ko sarkin baka?

JIKA: Kirista ne mai ra'ayin riƙau, Kaka. A nan tare suke tafiya.

DATTIJO: Gaya masa da Bitrus ya zare takobi cewa aka yi ya mai da shi kube, Matiyu 26 da Yahaya 18. Na ga rikicin 1987 a Zariya, na ga na 2000 a Kaduna. Na san abin da makami ke yi a hannun mai fushi, ba a talabijin na gani ba.

SOJA: To maganar baƙin haure fa? Ai dai ka yarda a gina katanga a iyaka.

DATTIJO: Littafin Firistoci 19 ya ce baƙon da ke zaune a cikinku ku riƙe shi kamar ɗan gida. Ubangijinmu kansa a goye aka tsallaka da shi Masar cikin dare, ban ji an tambayi Yusufu biza ba. Ita wannan da ke kwana tana juya muku tsofaffi a gadon asibiti, daga bango ta fito? Kuma tun da an zo nan, ina da tambaya. An ce mini a ƙasar nan mutum zai faɗi a titi yana roƙon kada a kira motar asibiti, don tsoron takardar kuɗi. Ku da kuka je wata! Ikilisiyar farko sayar da kayansu suke yi su raba wa mabukata, Ayyukan Manzanni 2.

SOJA: Yaro, kakan nan naka ɗan kwaminis ne?

RABARAN (ta dawo da sauri): Na faɗa muku namu ne! Za ka shiga kwamitinmu na adalci?

DATTIJO: Zan shiga. Abu na farko a ajanda, jariran da ke ciki, su ma a yi musu adalci.

RABARAN: Af.

SOJA: Namu ne!

JIKA: Kaka, sun rikice. A nan layi biyu ne kawai. Jam'iyyar Dimokurat alamarta jaki, Rifablikan giwa. Suna so su san wanne ne naka.

DATTIJO: Giwa dai ban gan ta tana tafiya a Littafi ba, sai haurenta. Annabi Amos kuma kaito ya yi wa masu miƙe ƙafa a gadajen hauren giwa.

RABARAN: Amin!

DATTIJO: Kada ki yi saurin amin. Jaki, gaskiya ne Ubangiji ya hau shi ya shiga Urushalima. Amma hawansa ya yi, bai ce jaki ya hau mumbari ba. Sau ɗaya tak aka buɗe bakin jaka ta yi magana, ta Bal'amu, ita ma sai da ta sha sanda sau uku, kuma tana gama faɗin abin da ke gabanta ta yi shiru.

SOJA: To wa za ka zaɓa?

DATTIJO: Da bizar wata shida? Katin zaɓena yana Wusasa a cikin Littafin Addu'a, shi ma ban ga abin da ya tsinana mini ba.

(A wurin ajiye motoci.)

NAS: Baba ku yi haƙuri, laifina ne. Lahadi mai zuwa zan nemi hutu in kai ku ta 'yan Najeriya. Tafiyar minti 40 ce, amma akwai ganga, akwai rawa, sujada awa uku da rabi.

DATTIJO: Baiko nawa?

NAS: Huɗu. In suka ji dattijo ya zo daga gida za su ba ku kujerar gaba da ambulan.

DATTIJO: Da dala?

NAS: Da dala.

DATTIJO: Kuma duk abin da na faɗa kowa zai ce amin, Baba ya yi gaskiya?

NAS: Sosai ma.

DATTIJO: To da wa zan yi gardama? Nan zan dawo. Ga bashin godiya a kaina, ga mai bindiga huɗu da ke bukatar a karanta masa Matiyu a hankali.

JIKA: Ya ce zai ajiye maka wuri a bencin baya, kusa da shi.

DATTIJO: A'a, na gaba nake so, daidai hancin Rabaran, don ta riƙa ganin inda na ce amin da inda na tsuke baki. Kai, mene ne wannan ɗumi nake ji a ƙafa?

JIKA: Karen benci na uku ne, Kaka. Ya ɗaga ƙafa a gefen rigarka.

DATTIJO: Shaddata ta Kirsimeti! Miƙo mini dutsen can!

NAS: Baba kada ku taɓa shi, a nan sai a kira 'yan sanda!

JIKA: Kuma yanzun nan aka sa masa albarka. Mama, ko dala 10?