Sawakin, mashigar alhazan ƙafa

Labarin da na ji na rushewar gidajen tsibirin Sawakin a Sudan ya sosa mini rai. Kakana, Allah ya jiƙansa, ta nan ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, bayan shekaru yana tafiya a ƙafa. Yakan ba mu labarin fararen benaye na dutsen murjani, da tagogin katako masu ado da suka leƙo kan lunguna. Sawakin ƙaramin tsibiri ne, 'yar gada ce ta haɗa shi da tudu. Tun da Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Port Sudan a 1905, jiragen ruwa suka juya wa Sawakin baya, jama'a suka watse. Don Allah a ceto abin da ya rage, musamman masallatan Hanafi da Shafi'i.