Kafin a ci tarar iyaye kan fashin makaranta

Jama'a wannan maganar cin tarar iyayen da yaransu ba sa zuwa makaranta ta daɗe tana cina a rai, bari dai in faɗi tawa. A 2023 Sanata Orji Uzor Kalu ya kai ƙudiri majalisar dattawa a ɗaga tarar ta kai har naira dubu 50, aka yi ta yayatawa kamar sabon abu, alhali dokar UBE, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, tun 2004 take nan zamanin Obasanjo, ta ce shekara 6 ta firamare da 3 ta ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, uban da ya ƙi a fara ja masa kunne, in ya sake naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari, in ya ƙara 5,000 ko wata biyu. Sama da shekara 20 kenan. Dan Allah a unguwarku wa kuka taɓa ji an gurfanar?

Ni fa ina goyon bayan a tilasta, kar a min mummunar fahimta. Mu da muka taso in ka yi fashi hedimasta manyan ɗalibai huɗu zai turo su ɗauko ka cak, kuma innarka ce za ta nuna musu bayan rumbun da ka ɓuya. Amma in an dire ka a aji malami za ka tarar da alli a hannu.

Akwai yaron maƙwabciyata, marayan Allah, kullum da safe zai fita tsaf da yunifom, yana shan kwana ya cire rigar ya cusa a leda ya wuce gareji. Rannan na tare shi na ce kai me ya sa kake haka, ya ce Baba wallahi ajinmu mun fi ɗari, a ƙasa muke zama, wata rana har a tashi ba wanda ya shigo, a gareji kuwa oga yana ba ni na abinci. Na rasa bakin magana. Uwarsa awara take soyawa, ga kuɗin PTA ga na jarabawa ga tsintsiya duk zango a makarantar da aka ce kyauta ce, wannan baiwar Allah za a ce ta kawo dubu 50? Daga ina?

Abin da ya fi min ciwo, ita wannan dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, don tallafa wa jihohi, sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma jihohi da dama sun sha barin biliyoyi a kwance shekara da shekaru ba su je sun ɗauka ba. Su wa zai ci tararsu? In za a gyara dokar a fara sa wannan a ciki, sannan a ce hedimasta da mai unguwa su taka har gidan yaro su ji dalili tun kafin a ambaci kotu.

Yaron nan ko yau da safe na gan shi a ƙarƙashin wata mota, sifana a hannu, ledar yunifom ɗin tana rataye a jikin ƙusa.