Dubu Saba'in Ta Yau Ba Ta Kai Dubu Talatin Ta Jiya Ba

A 2019, da Buhari ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, dala tana wajen naira 360. Ƙaramin ma'aikaci ke nan yana tashi da kusan dala 83 a wata. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu kan 70,000, dala kuwa ta haura 1,500. Raba ka gani, ba ta kai dala 47 ba. A takarda an ninka albashi har da ɗoriya, a kasuwa an zaftare masa kusan rabi.

Ita ma 70,000 ɗin ba ita ke faɗowa asusu ba, sai an cire kashi 8 na fansho da kuɗin ƙungiya. Ɗauki masinja mai mata da 'ya'ya huɗu. In Keke Napep na cin masa 1,000 zuwa da dawowa, kwana 22 na aiki sun haɗiye 22,000 tun bai auno kwanon masara ba. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 kaɗai ya fi albashinsa duka. Ba a zo kan haya da kuɗin makaranta da magani ba. Shi ya sa kafin goma ga wata sunansa ya koma littafin bashin mai shago.

Masu cewa ƙarin albashi zai hura wutar tsada sun juya lissafin. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 har ta wuce 1,000, aka kuma saki naira ta nemi farashinta. Tsada ta riga albashi fita da fiye da shekara guda. Gwamnonin da ke kukan babu kuɗi kuwa, kason da suke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai bayan cire tallafin.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen aiwatarwa. Kano ta sanar da 71,000, Legas 85,000, amma a jihohi da dama malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne na ƙarshe a layi. Ga kuma batun daidaita matakai: a ɗaga na mataki na ɗaya, a yayyafa wa na mataki na takwas abin da bai taka kara ya karya ba, mai shekara goma sha biyar a aiki ya kusa yin kai ɗaya da sabon ɗauka. Dokar ma ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin ƙananan makarantun kuɗi, inda malama ke koyar da aji uku a kan abin da bai kai kuɗin motarta ba.

An rage wa'adin sake duba albashi daga shekara biyar zuwa uku, madalla. Amma a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a 2024, shekara uku ta yi nisa. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC su daina ciniki a kan lamba kawai, su nemi a rubuta cikin doka cewa duk Janairu albashi zai motsa daidai da alƙaluman farashi na Hukumar Ƙididdiga, a kuma rage wancan shinge na mutum 25.